Kotu na iya rage kaifin dokar ƙwadago, amma ba kasafai take soke ta ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kotun tsarin mulki za ta iya soke dokar da ta sauƙaƙa korar ma'aikata da yawaita aikin kwantiragi. Na daɗe a harkar ƙungiyar ƙwadago, kuma abin da zan ce maka shi ne za ta iya, amma ba kamar yadda muke fata ba.

Alƙalai ba sa auna ko dokar za ta samar da ayyukan yi kamar yadda gwamnati ta yi alkawari, wannan sukan bar wa majalisa. Abin da suke dubawa shi ne ko kariyar da ta rage wa ma'aikaci tana da wani amfani. A Italiya, dokar 2015 ta ce wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba a biya shi albashin wata biyu kan kowace shekarar da ya yi. A 2018 kotu ta ce ba za a ƙayyade diyya da yawan shekaru kawai ba, dole alƙali ya duba halin kowane mutum. Nasara ce, amma hukuncin bai dawo da haƙƙin komawa bakin aiki ba. A Sifaniya kuwa, a 2014 kotu ta amince a riƙe sabon ma'aikaci shekara guda cur a matsayin ɗan gwaji.

Na Indonesiya ne ya fi tsaya mini a rai. An yi irin wannan dokar a 2020. A 2021 kotu ta ce an saɓa ƙa'ida wajen yin ta, ta ba da shekara biyu a gyara. Gwamnati ta sake fito da ita ta hanyar dokar gaggawa, majalisa ta amince a 2023. Sai a Oktoban 2024 kotu ta taɓa ainihin abin da dokar ta ƙunsa, ta ce kwantiragi kada ya wuce shekara biyar. Ka lissafa magidanta nawa aka sallama kafin nan.

Shi ya sa idan za ku kai ƙara, kada ku dogara da kuskuren yadda aka zartar da dokar kaɗai, domin gyara shi ba wuya. Ku ware sassan da suka fi cutarwa ɗaya bayan ɗaya, ku tara takardun sallama da na albashi tun yanzu. Kuma kada ku dakatar da zama da masu kamfani kan yarjejeniyar ƙungiya kuna jiran ranar hukunci.