Tambaya da Amsa: Waye mai lamba 42?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, na sayi wata riga a gwanjon Kasuwar Barci an rubuta Dodgers a gaba, lamba 42 a baya, sai abokina yace wai lambar baƙar fatan da ya fara buga besbol (wasan dukan ƙwallo da sanda) tare da turawa ce a Amurka. Wai da gaske har wasa an taɓa hana baƙaƙe?
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne wallahi, sunan mutumin Jackie Robinson. Kafin shi an yi wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, da ya buga tare da turawa a 1884, daga nan masu kulob suka haɗa baki ba takarda ba doka, kawai ba wanda zai ɗauki baƙi, aka tafi a haka sama da shekara 60. Su kuma baƙaƙen basu zauna ba, Rube Foster ya kafa musu gasar kansu a 1920.

Branch Rickey, shugaban kulob ɗin Brooklyn Dodgers, shi ya ɗauko Robinson daga Kansas City Monarchs, wani kulob na gasar baƙaƙe, a 1945 da sharaɗin duk zagin da za a masa kar ya rama. To ka duba, mutum ne mai zuciya wanda tun yana soja aka kai shi kotu don ya ƙi komawa kujerar baya a bas, amma ya haɗiye, ranar 15 ga Afrilu 1947 ya shiga fili, daga nan duk shekarar 'yan kallo na zagi, masu jefa masa ƙwallo na auna jikinsa da ita, wasu na taka shi da takalmi mai ƙusa, ga wasiƙun barazanar kisa, wani otal ɗin abokan wasansa su shiga shi a hana shi ɗaki. Duk da haka shi ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa a shekarar, a 1949 kuma gwarzon gasarsu.

Abin da ke min ciwo ba a cika faɗa ba, Monarchs ko sisi ba a biya su ba, taurarin baƙaƙe suka watse zuwa kulob ɗin turawa 'yan kallo suka bi su, gasar da baƙaƙe suka gina da guminsu ta durƙushe. Kuma ƙofar a hankali ta buɗe, kulob ɗin Boston Red Sox sai 1959 suka saka baƙi a fili.

A 1997 aka jingine lamba 42 a duka kulob ɗin don girmama Robinson, yanzu sai ranar 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa ke saka ta.