Amsa ga mai tambaya kan karatun jinya: kwalejin nas ko jami'a?

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce 'yarka ta gama sakandare, sakamakon WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare, ya yi kyau, tana son aikin jinya, amma kun rabu biyu a gida: kai kana son kwalejin horar da nas ta shekara uku saboda akwai alawus da gwamnati ke ba ɗalibai, ita kuma ta kafe sai jami'a. Ka kuma ce wani ya faɗa maka digirin jinya sabon yayi ne, karatun takarda kawai. Ni nas ce, a nan Kumasi na yi yawancin aikina, kuma na bi hanyoyin biyu duka, don haka bari in ce wani abu.

Wanda ya ce maka sabon yayi ne bai bincika ba. Gaskiya ne a asibiti aka fara koyon wannan aiki. Makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a Landan a 1860 a cikin asibiti take, ɗaliba tana koyo tana yi wa asibitin aiki. Amma tun 1909 Jami'ar Minnesota a Amurka ta shigar da karatun jinya cikin jami'a, Yale ta buɗe tata makarantar a 1923. A nan gida Gana, asibitin Korle Bu da ke Accra ma a 1923 aka buɗe shi. Farkon masu taya Turawa jinya a ƙasar nan yawancinsu maza ne, don iyaye ba sa yarda 'ya mace ta taɓa jikin baƙo. Mu a Zango wannan tunanin ya daɗe bai bar mu ba. Ranar da na samu gurbi, gwaggona cewa ta yi za a tura ni wanke kashin mutane. Cikakken horon nas mai rajista a nan Kumasi aka fara shi a 1945, sannan aka mayar da makarantar zuwa Korle Bu a 1948. A 1963 Jami'ar Gana da ke Legon ta buɗe sashen jinya da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, amma a lokacin nas-nas da suka riga suka yi aiki ake ɗauka, a horar da su su zama malaman makarantun jinya da shugabannin ma'aikata. Sai 1980 aka fara ba da digiri, a 2003 sashen ya zama makaranta mai cin gashin kanta. KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, ta shigo a farkon shekarun 2000, ga ta Cape Coast, ga ta Tamale, ga kuma jami'ar kiwon lafiya ta Ho da ta fara ɗaukar ɗalibai a 2012. Ingila da muka gaji tsarin daga wurinta, tun 2013 sai da digiri ake zama sabuwar nas a can.

Me ya sa aka yi ta turawa wajen jami'a? Aikin ne ya sauya. Da, likita ya rubuta, ke ki bayar, shi ke nan. Yanzu magunguna sun yi yawa, na'urori sun shigo, kuma da tsakar dare nas ce ke tsaye kan majinyata talatin, ita za ta fara ganin wanda numfashinsa ya canza tun kafin a taso likita.

Amma maganar mutumin nan ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Shekarun baya aka turo mana wata yarinya da ta gama digiri, a ɗakin yara. Makonta na farko aka kawo yaro ɗan wata tara, gudawa ta tsotse shi, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa. Na ce ta sa masa ƙarin ruwa. Ta ɗaure hannu, ta shafa, ta soka, babu jijiya. Ta sake, babu. Uwar yaron tana kallonta, hannun yarinyar sai rawa yake. Wata tsohuwar ma'aikaciya da ko difloma ba ta da ita ta karɓa, ta juya ƙafar yaron, ta ɗan murza da babban yatsa, suka ɗaya jini ya leƙo. Yarinyar nan a ɗakin canza kaya ta yi kukanta. A raina na ce, to ga digirin naku. Ba a yi wata guda ba sai ga ta da katin wani yaro, ta ce, “Anti, wannan maganin ya yi yawa a kan nauyinsa.” Ta ɗauki biro ta yi lissafin a bayan takarda, kilo kaza, miligiram kaza. Ashe an rubuta nauyin ba daidai ba tun wajen karɓa, mu uku mun duba katin ba wadda ta lura. Ta je ta samu likita da kanta, cikin ladabi, aka gyara. Jijiya kuwa, kafin wata shida har kiranta ake yi daga wani ɗakin idan ta gagara. Tun daga ranar na daina yi wa 'yan jami'a dariya. Hannu yana faɗawa da yawan yi, amma wancan lissafin da ƙarfin halin tunkarar likita, na ga a aji ta samo su.

Sai maganar matsayi, wadda iyaye ba su cika sani ba. 'Yar difloma, wato wadda ta fito daga kwaleji, da 'yar digiri duk jarrabawar lasisi ta Majalisar Jinya da Ungozoma za su rubuta, duk za su yi shekara ɗaya ta zagayen ɗakunan asibiti, duk za su jira gwamnati ta ɗauka aiki, kuma jiran nan yakan yi tsawo, kowa a Zango ya san wata da ke zaune gida da lasisinta. Amma in an ɗauke su, ba a mataki ɗaya suke farawa ba. 'Yar difloma za ta shiga da koren kaya, 'yar digiri ta shiga da fari da muƙamin ofisa, albashinta ya ɗara. Ni sai da na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki kafin na koma ƙaro digiri, ina da 'ya'ya uku. In sauko daga aikin dare, in saya wa yara koko da ƙosai a Aboabo, in kai su makaranta, in hau tirotiro, wato motar haya, zuwa lacca ina gyangyaɗi. Shekara biyu a haka. Na gama, alhamdu lillahi, amma ba zan so wa 'yar kowa wannan wahalar ba in akwai yadda za a yi. Abokan karatuna da yawa aure da haihuwa sun sha gabansu, har yau “baɗi zan koma” suke cewa.

Alawus kuwa, kada ka ɗora lissafin gida a kansa. An taɓa soke shi, aka dawo da shi a 2017, kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Ɗaliban jami'a ba sa cikinsa, sai dai su nemi bashin ɗalibai.

Ni dai ra'ayina, in aljihu zai iya ɗaukar shekara huɗu, kuɗin makaranta da ɗakin kwana da abinci, kuma sakamakonta ya kai, ka bar ta ta tafi jami'a, musamman tunda ita ce ke so. In kuwa za a kai ga sayar da jarin shago, kwalejin ba abin raini ba ce, ta fitar da ƙwararru masu yawa. Sai ku yi alkawari tun yanzu, har da wanda zai aure ta, cewa za ta koma ƙaro karatu da zarar ta cika shekarun da ake ba da hutun karatu. Ko wacce kuka zaɓa, musamman masu zaman kansu, ka tabbatar Majalisar Jinya ta amince da kwas ɗin kansa, kada ka tsaya ga sunan makaranta da kyan gini. Ka kuma tambayi a wane asibiti ɗalibansu suke koyon aiki, da mako nawa a shekara. In suka fara kame-kame, ka ɗauki takalmanka.

Wannan makon ina aikin dare. In Allah ya kai mu Juma'a, bayan an sauko masallaci, ka turo ta da mahaifiyarta gida, ta taho da takardar sakamakon, mu duba makin lissafi da kimiyya tare. A gaida Hajiya.