Kai yara gidan tarihi da gaida dangi a rana ɗaya

Hajiya, kin tambaya ko za a iya haɗa kai yara gidan tarihi na Boubou Hama da gaida dangi a rana ɗaya. Ana iyawa, amma ku fara da gidan tarihin da sanyin safiya, domin zafin Yamai ba ya raga wa yaro. Nawa yaran sun fi daɗewa a gaban ƙasusuwan dinozor da busasshen itacen Tenere, wato itacen da ya tsaya shi kaɗai a hamadar Tenere, wanda mota ta kayar a 1973. Akwai namun daji a gidan tarihin, kada a bar yaro ya miƙa hannu cikin kejin dabbobi. Ku sanar da dangi tun jajibere, ku je bayan la'asar da ƴar tsaraba. Yaron da zafi ya sa shi amai ko jiri, a kai shi likita nan take.