Amsa: Dracula ko Frankenstein, wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi tsakanin finafinan nan biyu na kamfanin Universal na 1931. A ganina Frankenstein ne.

Dracula na darakta Tod Browning ƙarfinsa yana farko: hanyar dutse, gidan sarauta mai yanar gizo, da kallon Bela Lugosi, wanda ya fito a matsayin Dracula, da ake haska idonsa da ƙaramar fitila. Da labarin ya koma Ingila sai ya yi sanyi, domin daga wasan dandamali aka ɗauko shi. Kyamara tana tsaye, mutane suna ta magana a falo, har kisan Dracula ma nishinsa kawai ake ji.

James Whale kuwa, daraktan Frankenstein, yana motsa kyamara, yana wasa da inuwa. Kwalliyar da Jack Pierce ya yi wa Boris Karloff, wanda ya fito a matsayin dodon fim ɗin, kai mai faɗi da fatar ido mai nauyi, ita ta sa dodon yake ba ka tsoro da tausayi tare.

Ka nemi kwafin Frankenstein da aka gyara. Tsofaffin kwafi sun yanke wurin da dodon ya jefa yarinya Maria cikin tafki, kuma idan babu shi ba za ka gane cewa wasa ya ɗauka yake yi ba.