Kasaru a tafiyar awa biyu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce daga Alƙahira zuwa Jidda awa biyu ce kacal a jirgi, kana zaune a kujera ba rana ba ƙishirwa, to ko ya dace ka yi kasaru, ko kuwa wannan rangwame na masu raƙuma ne.

Yi kasarunka. Malamai ba da agogo suka auna tafiya ba, da nisan ƙasa suka auna ta. A Malikiyya baridi 4 ne, wato mil 48, abin da ya ɗan haura kilomita 80 a lissafin yau. Tsakanin garuruwan nan biyu kuwa akwai kimanin kilomita 1,200. Jirgi idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa, ka ga cikin 'yan mintoci ya shafe nisan kasaru. Ayarin alhazan Masar a da sai ya haura wata guda kafin ya ga Makka, amma da kai da su hukuncinku ɗaya: Azahar, La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Ai ba kai ka fara wannan tunani ba. Sayyidina Umar ya yi mamakin yadda ake kasaru bayan tsoron abokan gaba da ayar kasaru ta ambata ya kau, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa sadaka ce daga Allah, a karɓa. Sai dai in ka sauka da niyyar zaman kwana 4 ko fiye, to ka koma cikawa.

Inda saurin jirgi yake tuntsurar da mutane shi ne miƙati, wato wurin da ake ɗaukar harami. Na masu zuwa daga Masar shi ne Juhfa, kusa da Rabig, kuma jirgi kan gifta saitinsa kafin ka ankara. Tunda Umara ce ta kai ka, yi wankanka ka ɗaura harami tun kafin ka hau, ka bar niyya da talbiyya sai an kusa. Wasu jiragen suna sanarwa, wasu ba ruwansu, kada ka dogara da su. Masu cewa a bar niyya sai an sauka Jidda, ni dai ban bi su ba.

Lokacin salla kuma na inda kake ne, ba na agogon hannunka ba. A wannan gajeriyar tafiya ba za ka ji shi sosai ba, amma ranar da ka tashi daga Landan zuwa New York, kilomita 5,500 da 'yan kai, wajen awa 8, za ka ga kana bin rana tana ƙin faɗuwa, don tazarar awa 5 ce tsakaninsu. Mai azumi a irin wannan jirgi sai ya ga faɗuwarta ta taga yake shan ruwa.

Ka saka mu a addu'a in ka je. Gwaggonka tana gaishe ka.