Banda kallon fulawa, me gari ke samu a bajekolin shuke-shuke?

Tambaya: Salam Malam, na ji an yi bajekolin shuke-shuke na duniya a Doha a 2023, wai har garuruwa na rububin karɓar baƙuncinsa. To banda kallon fulawa me gari yake samu?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Mu a harkar tsara birane fili muke kallo, yawanci gari yana da wani yanki da ya lalace an rasa yadda za a yi da shi, to bikin ne ke sa a fito da kuɗi kuma a gama aiki kan lokaci tunda an riga an gayyato duniya.

Ka duba Libapul ta Ingila da ta yi irin wannan biki a 1984. Bayan tarzomar unguwar Toxteth ta 1981 gwamnati ta ɗauki bakin kogin Mersey, wurin da tsohuwar tashar jirgin ruwa ce da juji, aka share shi aka zuba ƙasa aka dasa itatuwa, mutum sama da miliyan 3 suka zo kallo. An gina gidaje a wani ɓangare, amma sauran aka bar shi ciyawa ta cinye, sai 2012 aka sake buɗe lambun, kuma wallahi abin na min ciwo don talakan unguwar da aka ce dominsa aka yi shi ne ya yi ta jira.

Almere ta ƙasar Holan ta bi ta wata hanya a nata bajekolin shuke-shuke mai suna Floriade na 2022. Tun farko aka yanka filin hekta 60 fuloti-fuloti, aka ja tituna da gadoji, aka dasa itatuwa a gefen kowane fuloti, da nufin in an tashi biki a gina unguwa mai suna Hortus, kaga mai shiga sabon gida zai tarar da inuwa tana jiransa. Tsarin ya burge ni gaskiya, lissafin kuɗin ne ya kwaɓe, an sa ran baƙi miliyan 2 amma wajen 685,000 suka zo, asara ta hau kan asusun gari, har shugabannin gudanarwar birnin suka ajiye aiki ana tsakiyar bikin.

Shi ya sa in aka kawo min irin wannan shiri ba na fara tambayar yawan tikiti, ina tambayar wa zai riƙe filin bayan an rufe ƙofa, kuma daga aljihun wa za a biya masu ban ruwa.