Tambaya da Amsa: Wai dole ne a ba ɗan kwangilar da ya fi araha ko da kayansa za su zama guba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni jami'ar saye-saye ce a wata kwalejin gwamnatin tarayya a nan Kaduna. Mun tallata aikin sanya wutar sola a ɗakin shan magani da ɗakin kwamfuta, kamfani uku suka nema, har an buɗe takardunsu. Biyu sun kawo batirin dalma irin na tubula, ɗaya ya kawo na litiyam amma kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da na litiyam ɗin, domin batiran da aka saya mana a baya suna nan jibge a bayan sito, wasu sun fashe suna tsiyaya, ga 'ya'yan ma'aikata suna wasa a wurin. Oditanmu ya ce doka ta ce mafi araha za a ba, in na kuskura na ba wani to ni da hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC. Wallahi abin ya hana ni barci. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar kwangila, batiran nan na bayan sito ba abin da za a bari sai gobe ba ne. A killace wurin yau, a ɗauke su da safar hannu a jera su a tsaye ƙarƙashin rufi inda ruwan sama ba zai doke su ba, kada kuma a sa masinja ya share wurin da tsintsiya ƙura ta tashi. Ku tuntuɓi NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ko ta jiha, KEPA, su haɗa ku da mai lasisin karɓarsu. Yaran da suka daɗe suna wasa a wurin, a kai su a auna dalma a jininsu.

Sai abin da ba zai yi miki daɗi ba. Tunda an buɗe takardu, bakin alƙalami ya bushe, ba ki da ikon sauya ma'auni. In abin da kuka rubuta a tallar bai wuce "batir mai ƙarfin kaza, guda kaza" ba, to masu tubula sun cika sharaɗi, kuma wanda ya fi sauƙin farashi a cikinsu shi ne mai aiki. Ki tsallake shi don zuciyarki ta fi son wani, nan kam oditanku ya yi gaskiya. Ƙofar da ta rage ita ce wadda doka ta bari a buɗe: hukuma na iya soke neman gaba ɗaya muddin ba a riga an ba wani ba. Ki rubuta wa kwamitin bayar da kwangila cewa bayanin kayan da aka tallata ya gaza, ki kawo dalili a rubuce, a sake talla. Za a ci makonni, sai ki lura da ƙarewar shekarar kasafi.

Amma wannan magana ta "doka ta ce mafi araha", ita ce nake so mu zauna a kanta, domin na gaji da jin ta. Daraktoci na faɗa, oditoci na faɗa, har waɗanda suka yi shekaru suna zama a kwamitin kwangila suna faɗa ba ko kunya. Ba haka Dokar Saye-sayen Gwamnati ta 2007 ta ce ba. Abin da ta ce shi ne a fara tace takardu, a fitar da waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya, sannan a cikin waɗanda suka tsira a ɗauki mafi ƙarancin farashi bayan an yi kimantawa. Tacewa ce a gaba, farashi a baya. Sashe na 16 na dokar ma ya ambaci cewa manufar saye ita ce kuɗin gwamnati ya sayo abin da ya kai darajarsa kuma ya dace da aikin da aka saye shi dominsa. To wa ke rubuta sharuɗɗan? Ke ce, Hajiya, da injiniyan kwalejinku. Babu wani a ofishin BPP, hukumar sa ido kan saye-sayen gwamnati, a Abuja da zai riƙe miki hannu don kin rubuta cewa batir sai ya jure caji da saukewa sau kaza, sai da garanti na shekara 5, sai kuma mai kawowa ya kwashe matattun. Abin da ke faruwa kullum shi ne a jawo fayil ɗin bara a kwafe, ko mafi muni a bar ɗan kwangilar da ake so ya rubuto bayanin da kansa. In kaya suka mutu sai a ɗora wa doka laifi.

Mu yi lissafi. Ƙarfin da kamfani ke rubutawa a jikin batirin dalma, a zafin digiri 25 aka auna shi. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana cinye kusan rabin rayuwarsa. Ki tuna ɗakin da ake kulle batir a cikinsa a watan Maris da Afrilu a Kaduna, rufin kwano, ba taga, ba fanka, kuma kullum dare sai an tatse shi ƙarƙaf. Shekara 2 zuwa 3 ya gama. Litiyam na gaske, irin mai sinadarin ƙarfe da fosfet, yana ɗaukar caji dubbai, yana iya kusantar shekara 10. A ƙaddara na dalma naira 100 ne, na litiyam 200. Cikin shekara 10 kin sayi na dalma sau 4 ko 5, ga kuɗin dizal na watannin da aka yi ana jiran kasafi ya fito bayan sun mutu. Wanne ne mai araha? Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce araha ba ta ado.

Abin da ya sa wannan shirme ya ƙi mutuwa, a ganina, ba jahilci kaɗai ba ne. Kuɗin sayen kaya daga kasafin manyan ayyuka yake fitowa, kuɗin dizal da wuta da gyara kuma daga kasafin yau da kullum. Mai sa hannu a kan saye ba shi ne zai biya kuɗin mai baɗi ba, wataƙila ma an yi masa canjin wurin aiki. Shi ya nuna ya rage kuɗi, an yaba masa. Ki duba fitilun sola na kan titi da ake kafawa ana ɗaukar hoto, ki koma bayan damina biyu ki ƙirga masu ci. Haka abin yake a na'urar sanyaya ɗaki da firji da ƙwan fitila. Tun da aka kai wutar rukunin A, wato na waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, tsohuwar na'ura mai zuƙar wuta tana iya cinye bambancin farashinta da mai inbata tun ba a je ko'ina ba, amma har yau ana saye don ta fi sauƙi ranar biya.

Inda haɗarin yake kuwa shi ne bayan kayan sun mutu. Ana kafa kwamiti, a yi gwanjo, 'yan gwangwan su saye a kilo. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: a fasa batir da gatari, a tuttular da ruwansa a kwata, damina ta wanke shi zuwa Kogin Kaduna inda masu lambu ke ban ruwa, dalmar kuma a narka ta a fili yara na tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa, illar da ba ta gyaruwa. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga niƙan dutsen zinare ta fito, amma dalma ɗaya ce. Dokar 2007 ɗin nan da ake fakewa da ita ta haɗa har da yadda ake rabuwa da kayan gwamnati, NESREA kuma ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan batir a 2024. Hukumar da ta sayar wa wanda ba shi da lasisi, da hannunta a ciki.

Kada kuma ki ɗauka ina cewa duk abin da aka rubuta wa litiyam tsarkakakke ne. Kasuwa ta cika da 'yan damfara masu manna hoton koren ganye a kwali, ciki kuwa tsofaffin ƙwayoyin batir ne da aka cire daga wani wuri aka sake yi musu riga. Irin waɗannan su ne ke kama wuta. Masu sarrafa mataccen litiyam ma ba su da yawa a ƙasar nan, alhali dalma in ta faɗa hannun masana'anta mai lasisi kusan dukkanta ake sake amfani da ita. Don haka kada ki rubuta sunan wani kamfani a tallar. Ki rubuta aikin da kike so kaya su yi da shekarun da za su yi shi, ki bayyana tun farko cewa za a kwatanta farashi ne da kuɗin saye da na sauyawa da na gyara na tsawon shekara 10, ki sa yadda za a yi lissafin a fili kowa ya gani. Wanda ya iya cikawa da dalma, bismillah.

Masu cewa "ba a taɓa yi ba", a tura su Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello na da cibiyar shirin SPESSE da Bankin Duniya ya tallafa, aikinta ke nan horar da jami'an saye-saye da na muhalli. Ma'aikatan jiha kuma, da ke ƙarƙashin dokar saye-saye ta jihar Kaduna ta 2016, su nemi takardun samfuri daga KADPPA, hukumar saye-saye ta jihar, kafin su rubuta komai.

A sabuwar tallar, ki nemi takardar shaidar SON, hukumar tabbatar da ingancin kaya, da lambar jikin kowane batir, a kuma gwada ƙarfinsu a gaban injiniyanku ranar da aka kawo su, ba a karɓi kwali a rufe a sa hannu ba. Sharaɗin kwashe matattun batira kuma kada ya tsaya a alkawarin baki. Ki ɗaure shi da kason kuɗin da ake riƙewa: ba za a saki ragowar ba sai ɗan kwangila ya kawo rasit daga masana'antar da ta karɓe su, da adadinsu da nauyinsu, ke kuma ki kira masana'antar ki tabbatar.